Tsohuwar bes ta gwanjo ko sabuwa dal a kwali, ga mai kuɗin guda ɗaya a Jos

Ran Asabar bayan mun tashi daga rihazal wani ƙanena da muke kiɗa tare a coci ya biyo ni har bakin geti ya ce yaya don Allah tsaya, na tara kuɗin jitar bes shekara biyu kenan ina tarawa amma yanzu kaina ya ɗaure. Abu biyu ne a gabansa. Akwai tsohuwar Yamaha BB mai waya huɗu 'yar Japan da wani ya shigo da ita cikin kayan gwanjo, fenti ya koɗe a inda hannu yake gogawa, sannan akwai sabuwa mai waya biyar a shago, ko TRBX ta Yamaha ko ta kamfanin Sire, kuma kuɗin ba su da nisa da juna. Duk manyan da ya tambaya sun ce masa ka ɗau tsohuwar, yanzu ba a yin irinta. Shi kuma zuciyarsa tana kan mai waya biyar amma yana jin kunyar faɗi. Na ce masa ya bani kwana biyu, domin wannan magana ta "ba a yin irinta" ni ma na sha faɗinta, kuma ya kamata a zauna a tsince gaskiyar da ke ciki daga kewar da ke ciki kafin yaro ya zuba kuɗin shekara biyu.

Da farko dai manyan ba ƙarya suke ba. Akwai abubuwa na zahiri da kamfanoni suka daina yi. Ɗauki Peavey T-40 da aka fara fitarwa a 1978 a Meridian ta jihar Misisifi aka daina kafin ƙarshen shekarun 1980, ita wannan makunnin ton ɗinta ba kamar na saura bane, in ka murɗa shi sama fikof ɗin, wato maganaɗisun da ke ɗaukar amon wayoyi, yana aiki da nadi ɗaya murya ta fito siririya tas, in ka sauko da shi ƙasa da bakwai sai nadi na biyu ya shigo murya ta yi kauri, ga kuma wani ɗan makunni da yake juya fikof biyun su saɓa wa juna. Jita ɗaya amma muryoyi kamar biyar, kuma babu batir ko ɗaya a cikinta. Gibson Grabber ta shekarun 1970 fikof ɗinta zamewa yake yi, ka tura shi wajen wuya ko ka jawo shi baya da hannunka. StingRay ta farko da Leo Fender da abokan aikinsa suka fitar a 1976 tana da ƙananan soso a ƙarƙashin kowace waya da zaka ɗaga su kashe tsawon amo, abin da daga baya aka cire. Wanda ya saba da ɗaya daga cikin waɗannan in ya ce yana kewarta to abu ne takamaimai yake kewa, ba wai tsufa ne ke damunsa ba.

Haka maganar Japan. Masana'antar Matsumoku da ta ƙera Aria Pro II da Westone ta rufe a 1987, ba ta ƙara buɗewa ba. FujiGen ita ta yi wa Ibanez jitocin Musician da Roadstar, ita kuma ta ƙera Squier na farko, wato jitocin kamfanin Fender masu sauƙin kuɗi, a 1982, masu lamba da ta fara da JV, waɗanda har yau ake nema ruwa a jallo. A lokacin 'yan Japan suna so su nuna wa Amurka cewa sun iya, shi ya sa ko jitarsu ta matsakaicin kuɗi zaka ga aikin firet, wato ƙarafunan da ke jere a fuskar wuya, da haɗin wuya kamar na mai tsada. Yamaha BB ta fara a 1977, to wadda ƙanena ya gani in dai da gaske ta wancan zamanin ce, daga irin wannan aikin na Japan ta fito. Sai dai a duba bayan kai da kyau, domin daga baya an mayar da ƙera wasu BB ɗin Taiwan, su ma ba laifi amma ba kuɗinsu ɗaya ba, kada a sayar maka da wannan a farashin waccan.

Katako ma ya canza. A Janairun 2017 dokar CITES ta ƙasa da ƙasa ta matsa wa cinikin katakon rozwud da ake shimfiɗawa a fuskar wuya, Fender ta koma wani katako pau ferro a jitocinta na Meziko, Squier ta koma lorel, kuma ko da aka sassauta wa kayan kiɗa a ƙarshen 2019 ba kowa ne ya dawo nan take ba. Mu nan mun san irin wannan labarin, wanda ya ga yadda tireloli suka riƙa kwashe madobiya daga Taraba ana kaiwa Sin ba sai an yi masa bayanin me ya sa ake saka irin wannan doka ba. A 2020 kuma Fender ta rage amfani da katakon ash saboda wani ƙwaro da ke cinye bishiyar da kuma ambaliya a inda ake sare ta. Toh kaga duk wannan gaskiya ne.

Amma akwai ɗaya ɓangaren da manyanmu basa so a taɓo. Yawancin abin da muke kewa a kunne muka ji shi, a kaset da faifai, kuma abin da muka ji ba jita kaɗai bace. James Jamerson na kamfanin faifai na Motown da Fender Precision ta 1962 yake kiɗa, wayoyinsa masu santsi ne da yake shekaru bai canza ba, ga soso a ƙarƙashin murfin birij, ƙarfen da ke riƙe wayoyi a jikin jitar, kuma da yatsa ɗaya yake ja. Ka ba wani wannan jitar da sabbin wayoyi masu kaushi ba zaka ji Jamerson ba ko kusa. Marcus Miller da duk mai marin waya a Jos yake so ya yi kama da shi, Fender Jazz Bass ɗinsa ta 1977 ce, amma an saka mata firiyam mai batir, wato ɗan allon lantarki mai ƙara wa murya ƙarfi, daga baya, ba haka ta fito daga kamfani ba. Kuma abin da zai baka mamaki, Fender na shekarun 1970 ɗin nan a zamaninsu kushe su ake yi, ana cewa tunda CBS ta sayi kamfanin a 1965 aiki ya lalace, sun yi nauyi, wuyan da aka ɗaure da ƙusa uku yana motsi a cikin raminsa. Yau su ne ake kira na da masu daraja. Mu da muka taso a garin Ɗan Maraya bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, kuntigi waya ɗaya gare shi da ɗan gwangwani da fata, amma har ya rasu a 2015 babu wanda ya ɗauki kuntigi ya fitar da abin da yake fitarwa.

Sannan tsofaffin da suka iso hannunmu yau su ne waɗanda suka tsira. Waɗanda wuyansu ya murɗe tun tuni an fasa su an sayar da kayan ciki, masu kyaun ne aka riƙa adanawa ana miƙawa daga hannu zuwa hannu shekara arba'in. Sai mu ɗauki guda ɗaya mai kyau mu ce ai duk na da haka suke. Kuma a gwanjo ma ba lallai mai kyaun ce ta zo ba, sau da yawa wadda mai ita a Turai ya gaji da matsalarta ce ya jefa a kwantena tare da firji da tayoyi.

Yanzu mu zo kan zaɓin kansa, kuma ni a wajena komai daga wuya yake farawa, domin Jos ba Legas bace. Muna kan tudu sama da mita 1,200, daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana busar da komai har leɓe ya tsage, sannan in damina ta yi ƙarfi a Agusta ko tufafi basa bushewa. Katako yana shan wannan iska yana fitarwa, wuya ya lanƙwasa gaba ko baya, bakin firet ya fito yana yankan hannu in katakon ya tsuke. A cikin kowane wuya akwai wani dogon ƙarfe da ake ɗaurewa ko a sassauta da alanki don a miƙar da shi, kuma a garin nan sau biyu a shekara kake buƙatarsa, shigar hunturu da shigar damina. Tsohuwar jita tana da fa'ida ɗaya babba anan, katakonta ya ga shekaru ya gama yawancin motsin da zai yi, in ta miƙe to da wuya ta baka mamaki. Amma in ƙarfen nan ya kai ƙarshen zarensa, ko kansa ya cinye alanki baya kamawa, ko ya karye a ciki, to ka sayi katakon ado. Ni ya taɓa faruwa dani, shekarun baya na sayi wata tsohuwa don muryarta ta tafi da hankalina a wajen mai sayarwa, ban taɓa ƙarfen ba, hunturu na shigowa wayoyi suka tashi sama kamar igiyar shanya, na sa alanki naji yana juyawa babu abin da yake kamawa. Har yau tana jingine a ɗaki kuma duk sanda na kalle ta raina yana ɓaci. Sabuwa kuwa ƙarfenta lafiya lau yake, da yawa ma mai aiki gaba da baya ne, sai dai katakon yaro ne, shekara biyun farko zai ta motsi sai kana binsa da gyara. Wasu sabbin suna zuwa da wuyan da aka gasa katakonsa a masana'anta don ya rage shan iska, in kuɗinka ya kai wannan to a yanayin Filato ba ƙaramin abu bane.

Sai waya ta biyar, wanda shine ainihin abin da yake cin ƙanena. Mu faɗi gaskiya, kiɗan coci na yanzu a kan waya biyar aka gina shi. Mai kibod zai ɗau waƙa a E flat ko D flat, mai jagorar waƙa ta ƙara hawa rabin mataki sau biyu, kai kuma da waya huɗu mafi ƙasan abin da kake dashi E ne, dole ka haura sama a daidai inda ake so ƙasa ta girgiza. Da B ɗin nan ta ƙasa hannunka yana wuri ɗaya kana samun komai. Jitocin da ake kewa kusan duk masu waya huɗu ne, domin mai biyar da B a ƙasa sai tsakiyar shekarun 1980 ta fara yaɗuwa, irin su Yamaha BB5000, sannan StingRay 5 a 1987. Akwai dabara, zaka iya sayen wayoyin mai biyar ka ɗaura huɗu masu kaurin a tsohuwar ta zama B E A D, amma sai an faɗaɗa ramukan da wayoyi ke kwanciya a kai, ka rasa G ta sama, kuma ka taɓa asalin jitar wanda zai rage mata kuɗi ran da zaka sayar. In kuwa aikinka hailaif ne da rege da kiɗan biki, ko waƙoƙin zumunta na Hausa da ba a cika sauka ƙasa sosai ba, huɗu ta ishe ka har ta yi yawa, a nan ma tsohuwar tafi zama daram a cikin ganga.

Nauyi kuma kada a raina shi. T-40 tana iya kaiwa kilo 5 ko ta wuce, Fender na ƙarshen 1970 da yawa haka suke. Minti goma a shago ba zaka ji ba, amma sujada ta awa uku ko kwanan addu'a ko bikin da za a kai dare ana rawa, kafaɗarka zata faɗa maka. Sabbin irin TRBX da Ibanez SR an sassaƙe jikinsu sun fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Maganar wuta ita ce inda nake ganin mutane basa lissafi. Yawancin wuraren da muke kiɗa babu waya ta ƙasa a soket, ga janareto, ga fitilu masu launi a kan layi ɗaya da amfilifaya. Jita mai fikof na nadi ɗaya irin Jazz in ka buɗe guda ɗaya kaɗai sai ƙugi ya cika sifika, sai ka buɗe biyun daidai suke kashe wa juna. Precision da fikof ɗinta rababbe biyu tun 1957 bata da wannan damuwar sosai, haka BB masu irin wannan fikof. Tsohuwa marar batir kuma ko ina ta lalace mai gyaran rediyo zai iya, makunni ne da kafasito da jak, dalma kawai. Amma tsohuwa mai batir ta shekarun 1980 in allon cikinta ya ƙone ba zaka samu irinsa ba, wasu ma an zuba musu baƙin gam ya daskare don kada a kwaikwaya, sai dai a cire a saka wani daban, kuma daga ranar muryar da ka biya kuɗi dominta ta tafi. A sabbin ma akwai bambanci da ya kamata ya sani. Sire V7 batir biyu take ci masu bolt 9 amma tana da makunnin da zaka kashe firiyam ka ci gaba da kiɗa in batir ya mutu, TRBX505 ma tana dashi har da 'yar fitila mai nuna batir ya yi ƙasa, TRBX305 kuwa babu, in batir ya mutu a tsakiyar waƙa shikenan sai ka canza. Wanda ya taɓa sayen batir a kan hanya da safiyar Lahadi ya san ba kowanne ne yake kai ƙarshen sujada ba.

Kayan gyara nan ma sabuwa ta yi gaba. Makunnin ɗaure waya na tsohuwar Aria ko birij na T-40 in ya karye sai ka yi oda daga waje da dala, kuma tunda aka saki naira a 2023 kowa ya san yadda oda ta koma. Ko alanki sai ka kula, 'yan Japan da milimita suke aiki, 'yan Amurka da inci, ka tura na milimita a kan na inci da ƙarfi ka cinye kan ƙarfen, irin wannan ne yake kashe tsofaffin jitoci da yawa a hannun masu gyara na gefen titi.

Ta wajen sayarwa daga baya kuwa tsohuwa ce da nasara, wannan babu gardama. Sabuwa kana fita da ita daga shago ta zama ta hannu, tsohuwar 'yar Japan mai lafiya kuwa tunda ba a ƙara yinta kuɗinta baya faɗuwa, sai ma ya bi dala. Amma fa sai ta kasance ita ce da gaske. Sunan Fender a kan jita sitika ce da kowa zai iya mannawa, na ga jabu da yawa a garin nan da masu su suke rantsuwa 'yan Amurka ne. Yamaha da Ibanez da Peavey na da ba a cika yin jabunsu ba domin masu jabu sunan da yafi tsada suke bi, shi ya sa in dai gwanjo zan shiga da ƙaramin kuɗi nafi natsuwa da su.

Wani abu kuma da zai kwantar wa mai sayen sabuwa hankali, abin da ake raina wa yau gobe shi za a yi kewa. Squier Vintage Modified da aka daina a 2019 ga shi har an fara nemanta, Yamaha RBX da TRBX ta maye gurbinta a 2013 da yawanmu a kanta muka koya kuma yanzu in mun ganta sai mun ɗauka mun taɓa. Sannan sabuwar jita ta matsakaicin kuɗi daga Indonesiya, da injin kwamfuta ake yanka ta, goma in ka jera kusan duk ɗaya suke, abin da ba zaka samu a na da ba inda wata ta yi kyau wata ta zo a karkace.

Abin da na faɗa wa ƙanena shine, tunda jita ɗaya zai mallaka kuma duk Lahadi yana gaban kwaya, ya ɗau mai waya biyar wadda take da makunnin kashe batir, kada kunyar manya ta sa ya sayi abin da zai riƙa faɗa dashi kowane mako. Da a ce yana da mai biyar a hannu, ko aikinsa na situdiyo ne inda ake son murya mai kauri da zata zauna a ƙarƙashin waƙa ba tare da an sha wahalar gyarata ba, da da kaina zan raka shi ya ɗauko BB ɗin nan kafin wani ya riga shi. Ya yi shiru ya ce yaya amma muryarta fa, tun da na taɓa ta bata fita a kaina ba. Na san wannan ciwon, don haka na ce toh mu je mu ganta tare, amma da sharaɗi.

Sharaɗin shine zamu tafi da alanki na milimita, da igiyar jak tamu, da ɗan amfilifaya namu ba na mai kaya ba. Zan danne waya a firet na farko da na ƙarshe in duba tazarar da ke tsakiya wajen firet na bakwai ko takwas, kada ta wuce kaurin katin waya. Zan ɗaga jitar in leƙa wuyan daga kai kamar mai duba ko katako ya miƙe, in gefe ɗaya ya fi ɗaya lanƙwasa to ya murɗe, mun tafi. Zan sassauta wayoyi in juya ƙarfen kwata ɗaya baya, kwata ɗaya gaba, in ji yana kamawa, in mai kaya ya ce kada a taɓa to ya riƙe abarsa. Zamu bi firet ɗaya bayan ɗaya har sama mu ji inda yake zizza, mu duba ko wayoyi sun ci ramuka a firet biyar na farko, mu buɗe murfin baya mu ga ko fikof da makunnan na asali ne ko an yi musu aika-aika da dalma, mu duba bayan kai ko an taɓa karyewa an manne. In ta tsallake duk wannan kuma mai ita ya sauko da kuɗin yadda zai rage masa na sabbin wayoyi da jaka mai kauri, na ce masa ni zan ara masa tawa mai biyar duk ranar da kwaya zata yi waƙa a E flat har ya tara na ta biyu. Mun yi da mai kayan ran Talata da yamma bayan ya taso daga aiki.